Jakar Harsashi ta Fata: Tambayoyin da Maharba da Masu Koyon Dukanci Ke Yi Mini a Kaduna

Ni baduku ne, a Tudun Wadan Kaduna nake aiki, kuma a hannun ƙanen mahaifina na koyi sana'ar. Kube, gafaka, zabira, ɗamara, duk muna yi. Amma da zarar ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara bushewa, sai maharba su fara leƙowa da maganar jakar harsashi. Wasu so suke a ɗinka masu, wasu tsohuwa suke kawowa gyara, wasu kuma yara ne masu koyo da ke son su gwada da hannunsu. Kusan tambayoyi iri ɗaya nake amsawa kowace shekara, shi ya sa na tattara su a nan. Yawancin bayanin a kan harsashin bindigar farauta ne lamba 12 (lambar tana nuna faɗin bakin bindiga ne), mai baki ɗaya ko mai baki biyu, domin shi ne ya fi yawa a hannun mutanenmu.

Ba kowace jaka ce za ta yi ba? Me ya sa sai an yi wa harsashi tasa daban?

Kana iya zuba harsasai a aljihu, mutane da yawa haka suke yi. Sai dai a aljihu suna gogar juna, suna ƙara, ƙasa da ɓurɓushin ganye suna shiga bakinsu, kuma idan ka sunkuya ko ka yi rarrafe wani zai zube ba ka sani ba. Ga kuma makulli ko ƙusa da ake mantawa a aljihu ɗaya da su, alhali a tsakiyar gindin kowane harsashi akwai ɗan maɓallin da allurar bindiga ke daka, wanda bai kamata wani abu mai tsini ya riƙa dukansa ba.

Jakar da nake kira mai riƙo ita ce wadda kowane harsashi ke da gidansa, ba ya faɗuwa ko da gudu kake yi, amma yatsu biyu sun isa su zaro shi ba tare da ka duba ba. Gwajin da nake yi kafin in miƙa wa mai ita ba shi da wuya: in cika gidajen da sandunan gwaji masu kaurin harsashi, in buɗe marfin, in kifa ta, in girgiza sau uku. Idan ɗaya ya zame, aikin bai ƙare ba, ko da an zuba mata adon duniya.

Wace irin fata ce ta dace?

Ƙilabo, wato jemammiyar fatar sa, kuma jimar bagaruwa. A nan ne rabin aikin yake. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana da wani hali da jakar harsashi ke nema: idan aka jiƙa ta aka lanƙwasa a jikin abu, ta bushe a haka, to ta ɗauki siffar ke nan, ba ta komawa. Fatar kamfani da ake jemewa da sinadarin kurom tana da laushi, tana jure ruwa, ta yi kyau a takalmi da kujera, amma ba ta riƙe siffa. Ka yi gidan harsashi da ita, yau ya kama, bayan wata biyu ya zama kamar bakin tsohuwar safa.

Kaurin da nake nema ga bangon jaka da marfi shi ne milimita 3 zuwa 3.5. Zirin da za a yi gidajen da shi kuwa milimita 1.5 zuwa 2. In ya fi haka kauri ba zai naɗu da kyau ba, in ya gaza zai miƙe.

Sannan ba ko'ina a jikin ƙilabo ake yanko ziri ba. Gadon baya da wajen ɗuwawu su ne masu tauri, ba sa miƙewa sosai. Ciki da hammata sakwa-sakwa suke. A yanko zirin a tsaye, ya bi layin ƙashin baya. Wannan darasi da tsada na saye shi. Lokacin ina yaro a sana'a wani maharbi daga wajen Kujama ya ba ni aikin ɗamara mai gida ashirin. Don in tattala fata sai na yanko zirin daga ciki. Ranar da ya karɓa ta yi kyau, ya yi ta sa albarka. Bayan sati uku ya dawo ya ajiye ta a gaban ƙanen mahaifina, ya ce, “Malam, harsashi shida na zubar tsakanin gona da rafi, kuma yara na kiwo a wurin.” Bai ɗaga murya ba. Maganar yaran nan ita ta hana ni barci, domin asarar kuɗi ana mayarwa, amma harsashi a hannun yaron da zai iya jefa shi a wuta wani abu ne daban. Ƙanen mahaifin nawa bai ce mini komai ba sai da mutumin ya tafi, sannan ya ɗauko ƙilabon ya sa ni in ja ciki da hannuna, in ja baya, in ji bambancin.

To fatar akuya fa? Ai ita ce aka san ƙasar Hausa da ita.

Haka ne. Fatar jan akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin fatake, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take bi kafin ta isa gare su. Tana da ƙarfi, fuskarta na da kyau, tana shan rinin karan dafi ta yi ja jawur. Amma siririya ce kuma tana miƙewa. Ina amfani da ita wajen shafin ciki, da naɗe baki, da ado a kan marfi. Gidan harsashi kuwa ba aikinta ba ne, sai dai in an ninka ta biyu an manne an ɗinke, kuma ko haka ƙilabo ya fi.

Yaya zan gane jimar bagaruwa a kasuwa, kada a sayar mini da wata?

Ka nemi a yanko maka ɗan ƙyalle daga gefe. Dubi wurin yankan: jimar bagaruwa launin ƙasa-ƙasa take har ciki, ta kurom kuwa sau da yawa tsakiyarta toka-toka ce mai ɗan shuɗi. Ɗiga mata ruwa. Ta bagaruwa tana shanyewa ta yi duhu nan take, kuma idan ka danna farce alamar za ta zauna. In kana da hali a gida, jefa ƙyallen a tafasasshen ruwa: ta bagaruwa za ta ƙanƙance ta murɗe ta yi tauri, ta kurom ba za ta damu sosai ba.

Akwai kuma fatar roba da ke cika kasuwa yanzu. Bayanta yadi ne, in ka kusanta mata ashana narkewa take tana warin leda, ita kuwa fata ta gaske warin ƙonannen gashi take yi. Araha ba ta ado.

Abu na ƙarshe, ka lanƙwasa ƙilabon sosai ka duba. Idan fuskar ta tsage, ko ka ga tsakiyar kaurin fari ne kamar ɗanyen ƙirgi, jimar ba ta ratsa ba, an yi gaggawar fitar da ita daga ruwan bagaruwa. Bar ta.

A ina ake samun kayan a Kaduna?

Zare, gam, allura, maɓalli da kan ɗamara ana samunsu wurin masu kayan takalmi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Ƙilabo mai kauri na ƙwarai kuwa yawanci daga Kano muke sarowa, wajen Ƙofar Wambai, inda majema suke tun kaka da kakanni, ko kuma daga Zariya. A Samarun Zariya ne ma cibiyar gwamnatin tarayya ta nazarin fata take, wadda ake kira NILEST, ga mai son ya yi karatun abin a aji. Sandunan gwaji da zan yi bayaninsu a ƙasa, a Panteka nake sa a fere mini su.

Waɗanne kayan aiki ne dole?

Wuƙa mai kaifi da dutsen washi, basilla, allura biyu marasa tsini, zare mai kaki, rular ƙarfe, abin huda rami, guduma, kwali na yanka samfuri, da katakon da za ka yi yanka a kai. Ba sai ka tara kayan waje ba. Wuƙar da ba ta ci ita ce ke ɓata fata, ita ce kuma ke yanke yatsa.

Yaya ake auna gidan harsashi har ya kama daidai?

Jikin harsashi lamba 12 kaurinsa ya ɗan haura milimita 20, leɓen gindinsa kuma wajen 22 ne. Wannan ɗan bambanci na milimita biyu shi ne ke hana harsashi zarcewa ta ƙasa, don haka gindin ne ke kallon sama, leɓen ya zauna a kan bakin gida. Tsawon da ake rubutawa a kwalin harsashi, milimita 70 ko 76, tsawon kwanso ne bayan an harba bakin ya buɗe. Wanda ba a harba ba ya fi haka gajarta da kusan santimita ɗaya. Masu koyo sukan auna zurfin jaka da lambar kwali, sai ta fito da rara a sama, harsasan su riƙa tsalle a ciki.

Ga yadda nake yi. A kan bango ina ja layukan ɗinki, tsakanin layi da layi milimita 24. A kan ziri kuma tsakanin alama da alama milimita 54. Wato kowane milimita 54 na ziri zai tattaru ya zauna a kan 24 na bango, abin da ya kumburo shi ne gidan. Faɗin zirin milimita 35 zuwa 40, domin ya rungumi jikin harsashin sosai amma ya bar gindin a waje inda yatsa zai kama.

Waɗannan lambobi nawa ne, da irin fatar da na saba saye. Taka za ta iya fin tawa kauri ko laushi, kuma rabin milimita a kaurin fata yana canja komai. Saboda haka kada ka taɓa yanka zirin gaske sai ka yi gida uku a kan ragowar fata. Uku nake cewa ba ɗaya ba, domin gida ɗaya shi kaɗai yakan yaudare ka. Sai na tsakiya ya samu maƙwabta hagu da dama sannan za ka san ainihin matsinsa. Sabon gida ya kamata ya ɗan yi maka gardama wajen sakawa. Fata sakewa take yi da amfani, ba ta ƙara matsewa. Wanda ya shiga salin-alin ranar farko, kafin ƙarshen rani zai fara zubarwa.

Da harsashin gaske ake gwadawa?

A'a. Ba na ajiye harsashi a shago, kuma ba na son a kawo mini. Wurin da ake buga guduma, ake huda da basilla, ake jiƙa fata, ba wurin harsashi mai rai ba ne. Sanda nake amfani da ita, ta katako mai tauri, an fere ta daidai kaurin harsashi, an yanka gunduwa-gunduwa, kowace da ɗan leɓe a kai. Ina da guda talatin a gwangwani. Kwanson da aka riga aka harba ma ba na so, domin yakan ɗan kumbura, ya ba ka ma'aunin da ya fi na gaske, ga shi kuma abin tambaya ne idan jami'an tsaro suka gan shi a hannun wanda ba shi da lasisi.

Ɗinkakken gida da saƙaƙƙe, wanne ya fi?

Ɗinkakke shi ne wanda na bayyana: kowane gida an ɗinke shi a bango hagu da dama. Saƙaƙƙe kuwa ana tsaga bangon ne, ziri ya fito ta tsagar, ya zagaye sandar, ya koma ta tsagar da ya fito, ya wuce ta baya zuwa ta gaba. Saƙaƙƙe ya fi sauri, yana kuma rungumar harsashi kusan ko'ina. Aibinsa shi ne gidajen a haɗe suke: idan ka zare harsashi ɗaya, na kusa da shi zai iya jan rarar ya saki. Wanda zai yi shi sai ya manne zirin ta baya, ya shafa wata fatar a kai ya ɗinke. Ni dai ɗinkakke na fi yarda da shi, domin in gida ɗaya ya lalace shi kaɗai ne ya lalace.

Me ya sa ake jiƙa fatar, kuma yaya ake yi?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, fata ma haka. Bayan an gama ɗinka gidajen, sai a shafa masu ruwa mai ɗan ɗumi da soso, ciki da waje, har fatar ta yi duhu ta yi laushi, amma ba ta ɗiga ba. A bar ta minti kaɗan ruwan ya ratsa. Sai a tura sandunan gaba ɗaya, a bi tsakanin gida da gida da ƙashi mai santsi ko bayan cokali ana dannawa, har kowanne ya fito da siffarsa. A ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Da hunturu kwana ɗaya ya isa. A watan Agusta kuwa, lokacin da Kaduna ke kwana ta wuni cikin ruwa, yakan kai kwana uku.

Kada a shanya a rana, kada a kai bakin murhu, kada a zuba ruwan zafi. Zafi yana ƙanƙantar da jimar bagaruwa ya mayar da ita kamar ƙanzo, daga nan sai tsagewa. Kuma kada ƙarfe ya taɓa ta tana jiƙe. Bagaruwa da ƙarfe in suka haɗu da ruwa baƙi suke haifarwa, wanda ba ya fita. Da wannan hikimar ce dukawa ke yin kuloko, baƙin rinin da ake zane da shi, amma a inda ba ka so shi ba tabo ne.

Ɗinkin hannu ko na keke?

Na hannu, da allura biyu. Ana huda ramin da basilla, allura ɗaya ta shiga ta dama, ɗaya ta hagu, su gitta a rami ɗaya. In zare ɗaya ya tsinke, ɗayan yana riƙe. Ɗinkin keke kuwa in ya tsinke a wuri guda yakan warware ya bi layi. Tsakanin rami da rami milimita 4 ya yi. Masu koyo suna ganin ɗinki ƙanana-ƙanana shi ne gwaninta, amma a kan zirin gida ramuka kusa da kusa suna mayar da fatar kamar takardar rasit, wadda aka huhhuda don a yage. Bakin gida na sama shi ke shan wahala duk lokacin da aka saka ko aka zare, don haka a nan ake komawa baya rami biyu a ninka ɗinkin. Zaren roba mai kaki ya fi na auduga jure damina. A yanke shi a ƙona bakin da ashana a danne.

Gam taimako yake yi kafin ɗinki ya zo, ba ya maye gurbinsa.

Jaka ko ɗamara? Gida nawa ya kamata a yi?

Kwalin harsashi guda 25 ne, kuma nauyinsu ya haura kilo ɗaya. Wanda zai wuni yana tafiya a daji zai ji kilon nan a ƙugunsa. Yawancin maharban da nake yi wa aiki ba sa harba goma a fita ɗaya, shi ya sa nake ba su shawarar ƙaramar jaka mai gida goma, layi biyu na biyar-biyar, ɗaya a bangon baya ɗaya a na gaba, da marfi a kai. Ɗamara tana raba nauyi, tana da saurin kai hannu, amma harsasan a waje suke, raɓa da ƙura da ƙaya duk suna samunsu.

Madaurin da bel zai bi ta bayan jaka a yi shi da faɗi, ko a yi guda biyu, a ɗinke sannan a ƙara ƙusar fata. Mai madauri ɗaya siriri lilo take yi tana dukan cinya.

Da me ya fi kyau a rufe marfin?

Marfin ya sauko ya rufe aƙalla rabin gaban jakar, ya kuma ɗan fi bakinta faɗi domin ruwa ya zuba ta gefe. Tsakaninsa da gindin harsasan kada a bar fili, ya zauna a kansu, ta yadda ko ka zauna wani abu ya turo su ta ƙasa ba su da wurin tafiya.

Abin mannewan nan na takalmin yara, mai ƙara idan an ɓare, ba na sa shi ko an roƙe ni. Zabon daji zai ji shi tun daga nesa, kuma ƙarangiya na cika shi ya daina kamawa. Zif yana cin ƙasa ya maƙale. Maɓalli mai dannawa ya yi, in na tagulla ne, amma na ƙarfe yana tsatsa a damina ɗaya. Abin da na fi so shi ne na iyayenmu: harshen fata mai tsaga da ƙulli na fata da yake shiga ciki. Ba ya ƙara, ba ya tsatsa, ana buɗe shi da hannu ɗaya, in ya tsufa kuma kowane baduku a kowane ƙauye zai canja shi.

Na bar harsasai a jaka, na tarar da wani kore-kore a gindinsu. Mene ne?

Wannan tambaya ita ce na fi so mutane su karanta. Bara wani dattijo ya zo da jakar mahaifinsa, tsohon aiki mai kyau, an yi mata zanen kuloko a marfi. Ya ce tun ƙarshen farautar waccan shekara ya rataye ta a ɗaki da harsasai a ciki, da ya zo fitarwa sai da ya sa filaya. Na leƙa cikin gidajen, kowanne an yi masa zobe na wani abu kore mai danƙo kamar kaki. Na ce, “Baba, jakar ba ta yi laifi ba, ajiyar ce aka ba ta wadda ba aikinta ba.”

Abin da ke faruwa shi ne, man da ke cikin fata da tsamin jima, idan suka samu danshi suka daɗe manne da tagulla, suna cin ta su fitar da wannan koren. Gindin yawancin harsasan farauta na yanzu ma ba tagulla ce zalla ba, ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Ka kusanta maganaɗisu ka ga ya kama. Da zarar rufin ya ci, sai tsatsa ta biyo. Harsashin da gindinsa ya yi haka yana iya ƙin shiga bindiga, ko ya maƙale bayan an harba, ko ya ƙi tashi. Wanda ya ci sosai kada a yi amfani da shi.

Jakar fata ta fita ce. A cika ta da safe, a juye ta da dare. Harsasai su koma kwalinsu, a cikin akwati mai makulli, wuri busasshe mara zafi, nesa da murhu, nesa da hannun yara, kuma ba wuri ɗaya da bindigar ba. Kada a bar su a mota cikin ranar Maris da Afrilu. Koren da ya riga ya kama fata ana kankare shi da tsinke, a goge da busasshen tsumma.

Wane mai zan shafa mata?

Kaɗan, kuma a waje kawai. Ina narka kakin zuma da ɗan man kaɗanya, in shafa da tsumma, in bar shi ya kwana, in murza. Sau biyu a shekara ya isa: farkon hunturu kafin iska ta busar da ita ta fara tsagewa, da kuma gab da damina. Cikin gidajen ba a sa masu mai ko kaɗan, domin mai yana sa su saki, yana kuma ƙara koren da muka yi magana. Baƙin man inji yana kashe fata. Man shanu yana ɗoyi ya jawo ɓera.

Da damina a rataye ta inda iska ke kaiwa, kada a ƙulle ta a leda. In ta yi fumfuna a goge da tsumma da ɗan sifirit gauraye da ruwa, a bar ta ta sha iska a inuwa.

Ina da bindiga lamba 12, ɗan'uwana yana da lamba 20. Za a iya yi mana jaka ɗaya?

Ba zan yi ba, kuma ina roƙon kada wani ya yi. Harsashi lamba 20 ya fi siriri. In aka yi kuskure aka saka shi a bindiga lamba 12, zamewa yake ya shige gaba ya toshe hanya, mai bindiga ya ga kamar babu komai a ciki ya ƙara lamba 12 a baya. Harbin da zai biyo baya yana iya fasa bindigar a hannunsa. Saboda wannan haɗari ne kamfanoni da yawa ke yin lamba 20 da launin rawaya. Kowace lamba da jakarta, kuma ina buga lambar a kan marfi.

Kowa ya zo kana ɗinka masa?

A'a. Jaka fata ce kawai, amma abin da ake sawa a ciki yana ƙarƙashin Dokar Bindigogi ta 1959. A dokar, bindigar farauta ta harsashi sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma ta hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha, sannan ba a yarda mutum ya riƙe harsashi ba sai yana da lasisin bindigar da ke cinsa. Saboda haka ina tambaya. Wanda na sani, ko wanda shugaban maharban unguwarsu ya turo, ko ya nuna takardarsa, bismilla. Wanda ya zo yana neman jakar harsashin bindigar yaƙi, ba ni da aikinsa ko nawa zai biya. Duk ɗan Kaduna ya san abin da mutanen Birnin Gwari da Giwa da Chikun da Kajuru suka gani a shekarun nan. Ina da 'yan'uwa a can, kuma ba na son ɗinkin hannuna ya rataya a kafaɗar wanda ya raba su da gonakinsu.

Gidajen tsohuwar jakata sun saki. Tana gyaruwa ko sai sabuwa?

Ya danganta da fatar. In jimar bagaruwa ce kuma ba a cika ta da mai ba, a jiƙa gidajen, a saka sandunan da suka ɗan gaza harsashi kauri, a bar su su bushe a inuwa. Sau da yawa sukan dawo su ƙara shekara ɗaya ko biyu. In hakan bai yi ba, ana iya ƙara layin ɗinki ɗaya a gefen kowane gida, kusa da na farko, ya cinye rarar. Wasu suna manna siririyar fatar akuya a cikin gidan, wannan ma yana yi, sai dai a feƙe bakinta sosai don kada gindin harsashi ya riƙa kamo ta.

Idan kuwa zirin ya tsattsage a bakin ɗinki, ko ya sha mai har ya yi laƙwas, sai a farke shi a sa sabo. Bango da marfi galibi suna nan da ƙarfinsu, kuma ana bin tsofaffin ramukan ne ba a huda sababbi. Jakar dattijon nan haka muka yi mata: sabon ziri daga gadon baya, gida goma sha biyu, marfin mahaifinsa da zanensa ba mu taɓa ba. In za ka kawo taka gyara, ka juye ta tun daga gida, ka leƙa kowane gida ka tabbatar babu abin da ya rage a ciki, sannan ka faɗa mini lambar bindigar da faɗin bel ɗin da kake ɗaurawa.